Tansiyon Baba Isufu

Batha, ƙarfe biyar saura kwata

Na fito bayan asuba ko shayi ban sha ba, kalma ɗaya tana ci mini tuwo a ƙwarya. Jiya na raka Baba Isufu, dattijo ɗan Damagaram mai gadi a unguwar Ulaisha, kantin magani a Dira, saboda mura ta kama shi kuma ba ya jin Larabci. Mai kantin ya tambaya ko yana da wani ciwo, Baba ya ce, "Ina da tansiyo." Ni kuwa Bakatsine mai ji da ɗan Turancinsa na ce damuwa yake nufi, aka miƙo magani. Daga baya zuciyata ta ƙi yarda, ga wayarsa a kashe.

A wajen mai shayi na samu Habu Maraɗi, direba irina.

"Habu, mene ne tansiyo?"

"Hawan jini mana. Faransanci ne muka lanƙwasa, kamar pikir, wato allura. Ku 'yan Ingilishi komai sai ku ce damuwa!"

Nan take na nufi tashar bas.

Dira, ƙarfe bakwai

Bas ta sauke ni kusa da tsohuwar ganuwa, na zauna bakin kantin har aka buɗe. Da mai maganin ya ji bayanina sai ya kama kai. Ya ce maganin murar jiya bai dace da mai hawan jini ba, ya ba ni wani, ya ce, "Yalla, yi sauri!"

Ulaisha, takwas da rabi

Tasi ta ajiye ni a bakin layi, sauran na ƙarasa da gudu, takalmi a hannu. Na tarar da Baba zaune a ƙofa yana jan carbi.

"Baba, ka sha maganin nan?"

"A'a, ɗana. Jiya barci ya sace ni, yau kuma Litinin, ina azumi. Sai magariba."

Na zube a gabansa na faɗa masa shirmen da na tafka. Ya karɓi sabon maganin, ya miƙo mini na jiya, ya dube ni.

"Ashe ba ka ji ni ba jiya?"

"Na ji, Baba. Tambaya ce na ji kunyar yi."

Batha, azahar

Na iso ɗaki lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Habu. Maganin farko yana aljihuna har yanzu, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalla ba.