Iya Mashkura da Kulolin Bakin Ƙofa

Kafin lokacin dubiya ya yi, Iya Mashkura takan jawo kujera ta zauna a ƙofar ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, a wani asibiti nan Abuja. Nas ce, ta tsufa a kan aikin. Ɗakin nata tsit yake ko da rana tsaka, ba ƙarar cokali, ba ƙamshin miya. Manya-manyan riguna na rataye a bango, masu su na kwance suna zuƙewa a hankali. An yanke musu yawancin tumbi, ɗinkin bai kama ba, ruwa-ruwa kawai ake ba su, shi ma kurɓi-kurɓi.

Mu kuwa ba mu iya dubiya hannu rabbana ba. Shi ya sa kowace kular abinci sai ta tsaya a gabanta. Ba ta mayar wa mutum da girkinsa, ta san cin fuska ne. Takan karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta jera a gindin bango, kuloli su yi layi da ɗuminsu kamar masu jiran a kira sunansu. Da yamma ta raba wa masu jinya na sauran ɗakuna.

Masu shara sun ce tana jin ƙamshin man shanu tun mai shi yana matakala. Sun ce abin ya soma ne daga wani ɗan kasuwa da matarsa ta ba shi tuwo a ƙarƙashin bargo, don tausayi. Ɗinki ya buɗe ta ciki. Har yau in Iya ta zo gadon nan na jikin taga inda ya kwanta takan rage tafiya, ko da mutum a kai ko babu.

Ni ganau ce. Maigidana, Baban Hafsah, ƙiba ta jawo masa hawan jini da ciwon suga. Numfashinsa kan ɗauke cikin barci, har ya taɓa gyangyaɗi a kan sitiyari cikin cunkoson Nyanya, yara na baya. Aka yi masa aikin. Bai daɗe da farfaɗowa ba sai ga Hajiya, mahaifiyarsa, daga Zariya. Ita a wajenta ƙiba hutu ce, rama kuwa ciwo.

Ba ta riƙo kula ba, don haka ta shige. Iya ta ɗaga hanci, ta tashi ta bi ta har bakin gado.

"Hajiya, barka da hanya. Me ke cikin mayafin?"

"Carbi ne."

"Carbin da aka soya da albasa?"

Hajiya ta fito da ƙullin dambun nama, ta ɗaure fuska. "Ni na haifi yaron nan. Kun yanke shi, kuma ku hana shi ci? Dubi idonsa, kamar wanda aka yi wa jifa."

Shi kuma har ya miƙo hannu, don bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba. Ni suruka, ba halin in hana ta, 'ya'yana kawai nake hangowa.

Iya ta durƙusa, ta kama hannun Hajiya ta ɗora a gefen bandejin. "Abin da ya rage a nan ciki bai wuce ayaba ba, ɗinkin kuma ɗanye ne. In dambun nan ya shiga, ba a nan za ki sake ganinsa ba, sai a ɗakin can na ƙasa mai sanyi."

Sai Iya ta ɗauko ɗan kofin tataccen romo da ƙaramin cokali. "Ke za ki ba shi, Hajiya. Daga hannuna yamutsa fuska yake." Hajiya ta saki ƙullin, ta karɓi cokalin. Da aka sallame mu, Hajiya ce ta zauna a falo tana tare kwanukan maƙwabta.

Ƙarshen watan nan Iya za ta ajiye aiki. Ke ce kika hana ba ki kunyata kowa ba, Iya, garkuwar maras baki. An zage ki, an ce ba ki da imani, kika shanye. Na gode, Allah ya sa ki gama da duniya lafiya.

Ku kuma 'yan uwa, ku yi irin nata. In naku ya yi wannan aikin, ku tambaya kafin ku ɗora tukunya, in kun ga mai ɗorawa ku tare shi da mutunci. Yau da safe Baban Hafsah ya raka Hafsah makaranta a ƙasa, da ƙanenta a wuyansa, ban ji yana haki ba.