Duwatsun Kawu Buba

Bauchi

Ana sallame asuba na nufi tashar Wunti, na sami wuri a bayan wata motar kaya mai zuwa Jos, bisa buhunan gyaɗa. A shekarar samun 'yancin kai ne, ina koyar da 'yan aji uku a cikin gari. Na taɓa gaya musu akwai dutsen da ake hango yatsa ta cikinsa, suka yi mini dariya, na ce to su jira a dawo hutu.

Tilden Fulani

Da azahar na sauka gidan Kawu Buba, ƙanin mahaifiyata, wanda ya bar kiwo tun yana saurayi ya shiga wankin kuza. Bayan na sha fura, ya jawo wani gwangwani ya zazzage duwatsun da ke ciki a tabarma. Ga mai launin shunayya, ga kore shar, ga wani garau kamar ƙanƙara, ga wani mai walƙiya da yake ɓarewa kamar albasa. Duk a wurin aiki ya tsince su. Na ce zan zaɓi kaɗan, ya ƙi.

"Idona ya daina rarrabe launinsu," in ji shi. "Kwashe duka, yara su gani."

Nabordo

Washegari a hanyar komowa aka tsayar da mu a shinge. Ɗan sanda ya buɗe gwangwanin, ya nemi takardar izinin ɗaukar ma'adinai. Na rantse masa ba na sayarwa ba ne, direbanmu ma ya sa baki.

"Malam, ko ni na yarda da kai, na sama da ni ba zai yarda ba."

Ina kallo ɗan sandan ya shige wata rumfa da gwangwanin.

Gida

Na iso Bauchi da la'asar hannu sake. Na bi ofis-ofis, ba wanda ya san inda gwangwanin ya shiga. Da aka koma makaranta na tsaya gaban allo ina kwatanta launuka da baki, yara suna kallona.

Da damina wani ɗan tireda ya zo mini da saƙon Kawu, wai wane dutse ne yaran suka fi so. Ina cikin shirin komawa in gaya masa yadda aka yi, sai labarin rasuwarsa ya riske ni.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Kawu kuwa, Allah ya haskaka kabarinsa.