Ranar da Aka Kora Shanun Baba

Wata safiyar Talata a daminar 1998, ina 'yar shekara tara, na fito da ƙwaryar tatsa sai na tarar da fatake daga Baga suna kora shanun Baba cikin ruwa. Babban wana, Yaya Sani, yana tsaye a bakin gaɓa yana nuna musu mashigi. Shanun suka faɗa tafki suna iyo yadda suka saba, manyan ƙahoninsu na lilo a kan ruwa, amma wannan karon ba kiwo za su ba. Na riƙe rigarsa na ce, "Yaya, Baba ya sani?" Ya fizge, ya ce in koma wajen Inna.

Baba yana asibiti a Maiduguri, an yi masa aikin ido. Shekara talatin yana sarkin shanu a tsibirinmu na Tafkin Chadi. Shi ke shiga ruwa har ƙirji ya gwada zurfi kafin garke ya ƙetara inda ciyawa ta fi, shi ke sasanta makiyaya da masunta idan saniya ta yaga komar kamun kifi. Da yamma mu yara mukan tara busasshen kashin shanu mu yi hayaƙin korar sauro, sannan mu zauna wasan carafke kusa da 'yan maruƙa. Baba yakan ce, "Saniya 'yar gida ce, ba a sallamarta a ɓoye." Shi kuwa Yaya ya ji labarin 'yan Kano masu zuwa Guangzhou ta ƙasar China saro takalma, ya jira idon mahaifinsa ya rufe da bandeji, ya sayar da garken kaf, ko maraƙi bai bari ba.

Da Baba ya dawo ya zagaya turakun da babu ko saniya ɗaya, bai zagi Yaya ba, bai yi masa baki ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da makiyaya suka kawo masa ƙara, sai ya miƙa musu sandarsa ya ce, "Marar saniya ba ya yanke hukuncin shanu." Suka jingina sandar a ƙofarmu suka tafi. Ba su naɗa wani ba har ya rasu.

Yau Yaya Sani yana da ofis a Guangzhou kusa da titin Zhanxi Lu, 'yan China suna ce masa laoban, wato maigida. Ni ma nakan zo saro kaya, a gidansa nake sauka. A zuwana na bara muna shan shayi ya ce, "Hauwa, da ban sayar ba, da kina can kina tallan nono." Wataƙila gaskiya ya faɗa. Na ajiye kofin na fita titi, na tsaya cikin hayaniyar 'yan dako ina kewar ƙanshin madara mai ɗumi. Arziki ya shigo gidanmu, amma bai yi wa Baba sallama ba.