Farashin Takalmin Mai Giɓi

Aikin yayata tambayar farashi ne, kuma har yau in baƙo ya tambaye ni sana'arta sai na yi jim kafin in amsa. A kasuwa Malama Nawa-Ne ake kiranta, don ba a taɓa ganin ta shiga shago ta fito da ƙunshi ba. Za ta ɗauki gwangwanin madara, ta juya shi, ta tambayi kuɗinsa, ta rubuta, ta mayar da shi inda ta same shi. Da farko masu shaguna sun ɗauka 'yar leƙen asirin masu haraji ce, daga baya suka saba da ita har suna ajiye mata kujera. Akwai wani mai sabulu da yakan ce da tambaya tana cika aljihu, da tuni Yaya ta gina masa bene.

Ofishin ƙididdiga take yi wa aiki, kuma wani abu da suke kira kwando shi take bi. Na daɗe ina zaton kwandon gaske ne mai hannu, sai da ta yi mini dariya ta ce jerin abubuwan da gida yake kashe wa kuɗi ne kawai, tun daga shinkafa, mai da sabulu, har haya, kuɗin mota da magani. Kowanne da nauyinsa. Abinci ya fi nauyi don shi ya fi cin albashi, ashana kuwa ko ta ninka kuɗinta ba za ta girgiza lissafin ba. Sai a zaɓi shekara guda a ce ita ce ɗari, a riƙa gwada kowane sabon wata da ita. In aka ce an kai ɗari da hamsin, to kwandon da ɗari ta cika a wancan lokaci yanzu sai da ɗari da hamsin. Ni dai duk ranar da rediyo ya faɗi adadin sai na kira ta na ce su zo su leƙa tukunyata, don ban san gidan da suke aunawa ba. Takan ce ai gidan kowa ne a haɗe. Ni kuma in ce to a gaishe da matar gidan, da alama ita ba ta zuwa cefane.

Doka ɗaya ce ta riƙe aikin: abu ɗaya, a shago ɗaya, girma ɗaya, kowane wata. In bana ka tambayi babban gwangwani baɗi ka tambayi ƙarami, gwangwani ka auna, ba tsada ba. Shi ya sa take yawo da ɗan sikeli a jaka, don burodi yakan rame a ɓoye alhali kuɗinsa yana nan yadda yake.

A shekarar da aka haɗa sabon kwando, wadda aka ce ita ce ɗari, 'yarta tilo tana aji biyu. Haƙoranta na gaba sun zube, muna kiranta Mai Giɓi, tana jin haushi tana rufe baki da hannu. A jerin akwai layin takalmin makaranta na yara, aka ce kowane ma'aikaci ya zaɓi irin wanda aka fi saye a shagon da aka ba shi. Yaya ba ta wahalar da kanta ba. A shagon wani dattijo da kowa ke ce wa Baba Mai Takalma, ta zaɓi irin wanda ta saya wa yarinyar a makon: ruwan ƙasa, mai maɗaurin ƙarfe a gefe. Ta rubuta lambarsa da sunan kamfanin. Da ta koma gida ta ce wa Mai Giɓi takalminta ya shiga lissafin gwamnati, yarinyar ta yini tana taku ɗai-ɗai a tsakar gida kamar matar shugaba.

Bayan 'yan watanni, wata safiya ta fita makaranta da takalmin nan a ƙafarta, ba ta isa ba. Tsakanin gidan da makarantar titi biyu ne da wata tashar mota. Mai shayin bakin tashar ya ce ya ga wucewarta, mai gadin makaranta ya ce bai ga shigarta ba. Mun je wurin 'yan sanda, mun bi asibitoci, mun bi garuruwa da hotonta har hoton ya koɗe. Ba a samu jakarta ba, ba a samu ko ƙafa ɗaya ta takalmin ba. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ba wanda ya fi ni sani.

Mijin Yaya ya jure iya jurewarsa, sannan ya ce su tashi daga unguwar, don shi ba zai iya ci gaba da bin titin nan ba. Yaya ta ce in yarinyar ta dawo ta tarar da baƙi a gidan fa? A kan wannan suka rabu, ba faɗa, ba zagi. Ta zauna a ɗakuna biyun nan, haya tana hawa, ita da kanta take rubuta hawan a fom ɗin ofis, amma ko fentin ƙofar ba ta yarda mai gidan hayar ya canza ba. Ta koma aiki, mutane suka ce ta yi haƙuri. Ni da nake tafiya da ita a titi na san ba haka ba ne, domin in an taso yara daga makaranta ƙafafunsu take bi da kallo, ba ta ɗaga kai ta dubi fuska sai ta ga takalmi ruwan ƙasa.

An sha cewa za a sabunta kwandon, kuɗin binciken bai fito ba, aka ci gaba da tsohon. Don haka kowane wata mai karanta labarai yakan gwada tsadar rayuwa da waccan shekarar. Ɗari ta zama ɗari biyu, ta wuce ɗari uku. Kowa yana jin kuɗin mai da shinkafa, mu kuwa a gidanmu mun san wace shekara ake nufi. Na daina kiranta in yi mata tsiyar tukunya.

Shekaru sun ja kafin in san abin da ke faruwa a shagon Baba. Wata rana na haɗu da ita a kasuwa tana zagayenta, na bi ta don mu koma tare. Shagon ɗan siriri ne, kwalaye har rufi, da warin roba da gam. Takalman da ke rataye duk sababbin yayi ne, masu mannewa, wasu har da fitila a dunduniya. Baba yana ganin ta ya miƙe da ƙyar, ya jawo benci ya hau, ya sauko da wani kwali daga can saman kanta. Ya goge ƙurar da hannun rigarsa ya ajiye a gabanta. Ta buɗe, na leƙa. Shi ne, sabo fil, sai dai maɗaurin ya fara tsatsa. Ta juya ƙasansa ta duba lambar kamar ba ta san ta ba, ta zura yatsu biyu a ciki, ta daɗe a haka.

"Baba, nawa ne wannan watan?"

Ya dubi takalman da ke rataye, ya yi lissafi da leɓe, ya faɗi kuɗi.

"Ya ƙaru," in ji ta.

"Komai ya ƙaru, 'yata."

Ta rubuta, ya mayar da kwalin sama. Da ta shiga shagon gaba na tsaya na tambaye shi. Ya ce kamfanin ya daɗe da rufewa, wannan ne na ƙarshe da ya rage, shi kuma ya ɓoye shi don kada wani ya saya. Farashin kuwa yana duba yadda sauran suka tashi ne ya ɗora masa daidai. Na ce to me ya hana ya ba ta ta tafi da shi gida, ta huta, shi ma ya huta da hawa benci? Ya ce ya yi mata tayi tun tuni, kyauta, ta ce in ta ɗauke shi me za ta zo ta tambaya?

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ne ya ɓata shi. A hanya na ce mata wannan ba lissafi ba ne, ita da ke auna burodi don kada a cuci gwamnati, ga ta tana rubuta kuɗin takalmin da ba mai saye. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yana kan kanta, yana da farashi, wa ya ce ba na sayarwa ba ne? Sai na lura da yadda take riƙe jakarta da hannu biyu. Tun daga ranar, in sabon wata ya kama, ina wanke-wanke sai in ji kamar ana jan benci a bayana.

A fom ɗinsu, in ba a samu abu ba, gurbi biyu ne. Ɗaya yana cewa ya yanke, zai dawo. Ɗayan yana cewa ya ƙare, a zaɓi wani a madadinsa. Duk tsawon aikinta Yaya ta cika na biyun ga abubuwa da dama, wani sabulu, wani batirin rediyo, wata fitilar kananzir, ba ta taɓa jin komai ba. Ga takalmin ne kaɗai ba ta taɓa bukatar ko ɗaya ba.

Sai Baba ya kwanta ciwo, rabin jikinsa ya shanye, maganarsa ta daina fita. 'Yarsa ta karɓi shagon, mace mai zafin nama, kuma ba ta yi laifin komai ba. Ta share, ta yi fenti, ta tattara tsofaffin kayan saman kanta a buhu ta sayar wa wani mai talla da araha. Da Yaya ta zo ta tambayi kwalin, matar ta ce wane kwali? Ba wanda ya taɓa gaya mata.

A lokacin an daina ba su takarda, wata na'ura ce mai faɗi kamar faranti suke latsawa. Yaya ta latsa ya yanke, zai dawo. Ta shiga bin masu tallan takalma a bakin titi da tashoshi, tana tona buhunansu, yadda muka taɓa bin asibitoci. Wata na biyu ta sake latsa shi, na uku ma haka. Amma na'urar ba Baba ba ce. Dokar ofis ita ce abin da ya yi wata uku ba a gan shi ba ya ƙare, kuma a wata na huɗu gurbin farko ya dishe, ko an taɓa shi ba ya amsawa. In ba a cika layin ba, duk aikin watan ba zai tafi ba. Shugabarsu, wata matashiya mai hankali da ta ji labarin a bakin tsofaffin ma'aikata, ta ce ta kawo na'urar, ita za ta cika daga ofis. Yaya ta gode mata ta ce layinta ne.

Da safe ta zo gidana ta ce in raka ta. Ba ta taɓa neman rakiya ba, ko a lokacin da yarinyar ta ɓata. Muka tarar da shagon ya yi haske, ba benci, an sa madubi a inda tsohon kantan yake. Ta tsaya a tsakiya da na'urar a hannu, ta ɗaga kai ta dubi sama duk da ta san ba komai a wurin. 'Yar Baba ta kawo mata kujera, ba ta zauna ba. Na matsa kusa da ita. Ina kallon yatsanta a kan gilashin, ya je ya dawo, ya je ya dawo, sannan ta latsa. Na'urar ta yi ɗan ƙara, ta buɗe sabon layi fari.

Ta tambayi wanne ne aka fi saya wa 'yan makaranta yanzu. Aka miƙo mata wani baƙi mai mannewa, lamba ɗaya da wancan. Ta rubuta kamfanin, ta tambayi kuɗinsa, ta rubuta. Daga nan ta wuce wurin mai sabulu, ta wuce wurin mai burodi ta auna, ina biye da ita kamar jela, har ta gama zagayenta ba ta tsallake ko shago ɗaya ba.

Na ƙi barin ta ta koma ɗakunan nan ita kaɗai, na ja ta gidana. 'Yata ta fari, wadda aka haifa wata ɗaya da Mai Giɓi, ta dawo daga wurin aiki ta cire takalmanta a bakin ƙofa. Yaya ta zo shiga sai ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗauki ƙafa ɗaya, ta ɗora a tafin hannunta, takalmin ya zarce yatsunta ya kai har tsintsiyar hannu. Ta tambaye ni na wane ne, na gaya mata. Yarinyar nan a gabanta ta girma, ita ta raka ta jarrabawa, amma ta juya ƙasan takalmin tana duba lambar kamar yau ta fara ganin ta.

"Har ta kai haka?"

Na ce ta kai, Yaya.

Ta daɗe tana riƙe da shi. Daga cikin ɗaki 'yata tana kiran goggonta ta shigo ta sha ruwa.

"Ashe ko ta dawo," in ji Yaya, "ba zai shige ta ba."

Ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, ta daidaita su, sannan ta zauna a nan bakin ƙofar ta rufe fuskarta da gyale.