Jan Hatimi a Ƙofar Baba Mai Jingina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ranka, Baba Mai Jingina, bayan gajeriyar jinya. Labarin ya same ni a ofis ina goge duwatsun awo. Ni ne sufeton da hukuma ta ɗora wa duba sikeli da lasisin masu karɓar jingina da 'yan gwanjo na layinku, kuma shekara da shekaru aikin nan ke kai ni shagonka. Ba zan ce mu abokai ne ba. Aikina bai yarda da abota ba, kai ma ba ka taɓa nema ba.

Shagon naka tsukuku ne: kanta mai gilashi, akwatin ƙarfe na zinare a kusurwa, sai rediyo da agogon bango da tukwane jere har rufi, kowanne da tikitinsa ɗaure da zare. Doka ta ce sikeli ya zauna inda mai kaya zai ga allurarsa. Da yawa cikin abokan sana'arka sai sun hango ni suke juyo da nasu. Kai kuwa ka kafe naka da ƙusa yana kallon ƙofa, kai ne kake leƙowa ta gefe. Ba ka ɗora awarwaron mace da hannunka. Ita za ta ɗora, ita za ta faɗi abin da ta gani, sannan ka rubuta.

Sau biyu na ci ka tara, kuma da za a maimaita, da na sake. Na farko, ka ɓoye lasisinka a aljihun tebur wai rufi na yoyo, alhali a bango aka ce a rataye shi. Na biyu, sikelinka ya goce, yana ƙara wa mai kaya nauyi. Ka ce mini, "Sufeto, ai ni nake cutuwa. Ina ruwan hukuma?" Na ce doka ba ta tambayi wanda ya cutu ba, sikeli ko daidai ne ko ba daidai ba. Ka biya, ka daɗe kana amsa gaisuwata da ƙyar. Taurin kai kam, Allah ya hore maka.

Amma akwai abin da na gani a shagonka wanda ban gani a ko'ina ba. Wani tela ya jinginar da kekensa na ɗinki lokacin da matarsa ke asibiti. Wa'adi ya cika, ya wuce, bai iya fansa ba, doka kuma ta ba ka damar sayarwa. Ba ka sayar ba. Ba ka kuma mayar masa ba, domin ka ce jingina jingina ce. Sai ka ture tukwane, ka ajiye masa benci a lungu, kullum da safe ya zo ya yi ɗinkinsa a kan keken, da yamma ya rufe shi da zane ya tafi. Na koma ofis na bi dokar layi-layi ina neman inda ta hana. Ban samu ba. Keken bai bar shago ba, tela bai rasa abin kai wa gida ba.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne lasisi da sunan mutum yake, yana mutuwa tare da shi. Bayan an tashi daga zaman makoki, ni na zo na buga jan hatimi a kan kwaɗon shagonka. Ƙanenka ya tare ni a ƙofa, ya ce a buɗe a lissafa kaya a raba gado. Maiɗakinka ta aiko daga cikin gida cewa banda kantar gilashi da sikeli, kusan duk abin da ke ciki amanar mutane ce, ba gado ba. Na ƙara masa da cewa in magaji bai samu sabon lasisi kafin wa'adin da doka ta ɗiba masa ba, za a miƙa kayan ga wani mai jingina, shi kuma duk wanda lokacinsa ya wuce zai sa shi a kasuwa. Keken tela na cikin na farko.

Kullum da safe telan nan na zaune a dakalin ƙofarka, da yadukan mutane a jaka. Ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ko rabin yini a bar ni in ƙarasa ɗinkin wata amarya." Na ce ba a taɓa hatimi. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba.

Babbar 'yarka, wadda ke tsaya maka a kanta tun da ƙafa ta fara ba ka wahala, ita ta nemi lasisin. Na yi mata tambayoyi ba sani ba sabo. A ƙarshe na tambaye ta hukuncin kayan da wa'adinsu ya wuce. Ta ce a sanar da mai su, sannan ana iya sayarwa. Na ce, "To keken da ke lungu fa?" Ta ce, "Yallaɓai, doka cewa ta yi ana iya sayarwa, ba ta ce dole ba."

Na sa hannu. Na yanke hatimin, na ɗora duwatsuna a sikeli, allura ta tsaya inda ya kamata, na sauke lasisinka daga bango na soke shi, ta rataye nata a ƙusar. Ban kai bakin titi ba na ji keken ya fara gudu a bayana. A maƙabarta ban yi kuka ba, Baba. A nan ne na yi, tsaye da jakar duwatsuna a hannu.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya nauyaya mizaninka ranar da ba a juya sikeli, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙanenka, da dukkan masu sana'ar layin. Allah ya ba su haƙuri, ya kuma ba 'yarka ikon riƙe amanar da ka bari.