Hanyar da Inna Ta So Mu Bi

Hanya biyu ce ke fita daga Sabon Birni ga mai nufin Makka a zamanin mulkin Turawa. Ɗaya ta yi arewa, ta tsallaka iyaka zuwa ƙasar Faransa, ta bi Maraɗi da Tasawa da Damagaram, a ƙasa, kai da jakinka. Ɗaya ta yi kudu, ta bi Isa da Shinkafi har Ƙaura Namoda, inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Ni na zaɓar mana ta kudu, ni da mahaifiyata. Babu wanda ya tilasta ni. Na tsufa ina neman wanda za ni ɗora wa laifin, har yau ban samu ba.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da yayana. Shi ne ɗan fari, ita kuwa Bafillatana ce daga Kamarawa, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari wurin matanmu, balle Fulani. Ba ta kiran sunanshi. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi. In ya shigo gaishe ta da safe, sai ta juya ga tukunya ta amsa wa murhu. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan." Kakarmu ce ta raine shi a wancan sashen gida. Ni ne ɗan ɗaki, ni ake zagi, ni ake lallashi. Amma tun ina ƙarami na lura, in ta dama fura, ƙwaryar da nono ya fi yawa ita ake kai wa sashen kaka.

Shekara bakwai kafin tafiyarmu yayana ya yi niyyar hajji, ya bi ta arewa. Anka yi mishi sallama irin wadda ake yi wa mai wannan tafiya. Ya bi gida gida ana yafe wa juna, mata sunka haɗa guzuri, gari ya raka shi har bakin gulbi. Inna ba ta fito ba, tana ciki tana kaɗi. A wurinmu wanda anka yi wa irin wannan rakiya ba ya dawowa sai da hajjinshi, ko kuwa labarin mutuwarshi ya dawo. Nashi babu ɗaya da ya zo. Alhazai sunka riƙa dawowa ana tambayarsu, kowa ya ce bai gan shi ba.

Da Inna ta fita takabar babanmu, ranar nan ta ce mini za ta Makka kafin ƙafafunta su ƙi ta. Na ce to, za ni kai ki. Lokacin na haura talatin, ina fataucin fatu zuwa Ƙaura, na shiga jirgi har sau biyu, ina jin babu wayayye kamata a unguwarmu. Kuma ina da tawa da ƙasar Faransa. Sau ɗaya na tsallaka da kaya, 'yan sandansu sunka kama ni a kasuwa sunka tura ni aikin tilas, wata guda ina fasa dutsen hanya. Har yau akwai sawun bulala a kafaɗata. Na yi rantsuwa ba ni ƙara tsallaka iyakar nan tasu ta arewa. Ana ta cewa an daina wannan aiki, na ce wanda bai sha bulalar ba shi ke yarda.

Bayan an gama girbi wani ayari na garinmu yana shirin tashi ta arewa. Ranar wata Laraba bayan la'asar na zauna gaban ɗakin Inna, na ɗauki kara na zana mata hanyoyin biyu a ƙasa, kamar wani malamin makaranta. Tana kaɗi, ba ta ko dubi zanen ba.

Ta ce, "Ta arewa za mu bi."

Na ce, "Haba Inna! Da wanga ciwon gwiwa naki? Wata nawa za ki yi bisa jaki?"

Ta ce ita tsoron jirgi take, an ce yana kuka kamar abin daji. Na yi dariya na ce ni na shiga, ga ni da raina. Ta ci gaba da juya mazari. Sannan ta ce tana da 'yar'uwa a Maraɗi, tana son su yi sallama. Na ce wace 'yar'uwa, wadda ta rasu bara? Ta ce to, an ce ruwan rijiyoyin can ya fi daɗi. Nan raina ya ɓaci. Na ce Makka za mu ko ɗanɗanar ruwa? Na shafe zanen arewa da ƙafata, na ce magana ta ƙare, ta Isa za mu bi, in kuwa ba haka ba a nemi wani ya kai ta. Na san babu wani.

Ta naɗe zarenta ta ce, "To. Allah shi sa haka ta fi alheri."

Da na shiga ɗaki matata ta biyo ni. Ta ce, "Kai kuwa, ba ka ji abin da tsohuwar nan ke faɗi ba ne?" Na daka mata tsawa na ce ta fita harkar da ba tata ba. Na ji mana. Wallahi na ji. Jirgi, 'yar'uwa, ruwan rijiya, duk yayana take nufi, tana son ta bi sawunshi zango zango ta tambaya. Bakinta ne ba ya iya faɗi, ni kuwa na fake da haka. Na ce a raina, tun da ba ta faɗa ba, ban ji ba. Na kuma gaya wa kaina, mutumin da ya yi shekara bakwai a hanya ai ya yi nisa, in yana da rai a Sudan za a gan shi ko a Makka, ba nan kusa ba. Kuma in faɗi gaskiya, akwai haushi a ciki. Ni ke noma mata, ni ke gyara mata danni, ni na binne babanmu, amma wanda ya tafi shi ke cikin ranta.

Bayan mako guda munka tashi rana ɗaya da ayarin arewa. Su sunka tsallaka gulbi, mu munka juya kudu. A mararraba Inna ta sa na tsayar da jaki, wai zanenta ya kwance. Ta daɗe tana ɗaurin zanen nan, fuskarta na arewa, har ƙararrawar jakunansu ta daina zuwa kunne.

Hanyata ta yi sauƙi, ba ni musun wannan. Munka kwana Isa, munka wuce Shinkafi ranar kasuwa, a Ƙaura munka shiga jirgi. Inna ba ta ji tsoron komai ba, ko gezau. Daga Kano munka hau babbar mota zuwa Barno, daga can munka shiga ƙasar Wadai. Duk zangon da munka sauka, sai ta ce za ta miƙe ƙafa. Sai in hango ta tana zagaya inda 'yan ƙasarmu ke zaune, masu ɗinkin hula, masu yankan farce, waɗanda guzuri ya ƙare musu sunka tsaya neman na gaba. Ba ta tambayar kowa komai. Kumatu take dubawa, tana neman tsagar Gobirawa. In ta ga mai ita sai ta tsaya, ta dube shi da kyau, ta gaishe shi, ta wuce. Ni ke bin bayanta ina yin tambayar da baki, ita kuma ta yi kamar ba ta san abin da nake tambaya ba.

A ƙasar Sudan zazzaɓi ya kama ta, a wani ƙauye da ba mu san kowa ba. Kwana huɗu ta yi. Rana ta huɗu da hantsi ina ba ta ruwa a ludayi, sai ta riƙe mini hannu, ta kira sunan yayana. Sunanshi na yanka, cikakke, sau ɗaya. Tun da Allah ya halicce ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ban sani ba ko ni ta ɗauka shi ne, ko kuwa tambayata take. Na amsa, na ce na'am. Kafin azahar ta cika.

Na ƙarasa ni kaɗai, na yi hajjina, na yi mata nata a shekara ta biyu. Na tambaya a Makka, na tambaya a Madina, babu wanda ya san shi. Da na tashi dawowa sai na karya rantsuwata na biyo ta arewa. Ban san dalili ba. Ko kuwa na sani, na saba dai da cewa ban sani ba.

Gabas da Tasawa akwai wani ƙauye mai rijiya a bakin hanya, inda ayari ke shayar da dabbobi. Ina wanke fuska sai na ga wani tsoho ya ƙura mini ido. Ya tambaye ni ko daga Sabon Birni nake. Na ce e. Ya ce ko ina da wa. Na ce ina da shi.

Tsohon ya zaunar da ni a inuwa ya ba ni labari. Yayana bai wuce ƙauyen nan ba. Kurkunu ya fito mishi a ƙafa tun shekarar farko, ayarinsu ya jira har ya gaji ya wuce. Ƙafar ta warke a shanye, guzuri ya ƙare. Gaba ta gagara, gida kuma da wane ido, bayan gari ya raka shi har gulbi? Sai ya zauna yana ja wa matafiya ruwa. In ya ji ayarin Gobir ne sai ya shige bayan danni har su wuce, sannan ya fito yana tambayar mutanen gari me sunka ce game da Sabon Birni.

Sau ɗaya kawai ya fito. Wani mai raƙumi da ya riga ayari isowa ya ce mutanen Sabon Birni na tafe, kuma ya ji ana cewa matar marigayi wane ta yi shirin hajji bana. Tsohon ya ce ranar yayana bai ja ruwa ba. Ya sa wanzami ya yi mishi aski, ya yi wanka, ya ari riga wurin shi tsohon, ya zauna bisa kututture bakin rijiya tun hantsi. Ayari ya iso, ya bi matan da ido ɗaya bayan ɗaya har jakin ƙarshe. Sannan ya tashi da sandarshi ya tambayi madugu. Madugu ya gane shi, ya yi salati, ya ce ai ƙanenka ya kai ta ta jirgi.

Na ce wa tsohon, "Mi ya ce?"

Ya ce, "Cewa ya yi ka kyauta. Wai gwiwarta ba ta jure tafiyar ƙasa."

Yayana ya roƙi madugu da girman Allah kada ya aika gida da labari. Ya tuɓe rigar ya ninke ya maida, washegari ya koma bakin guga. Damina biyu bayan nan ciwon ciki ya ɗauke shi, watanni kaɗan kafin in iso. Tsohon ya kai ni kabarin. Na tsuguna na gaya wa yayana Inna ta kira sunanshi, ni kuma na amsa a madadinshi.

Daga rijiyar nan zuwa ƙofar gidanmu kwana goma ne. Na ƙirga su da ƙafata da na tashi komawa, ban yi sauri ba, na riƙa tsayawa duk inda tsohuwa za ta so ta huta. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ga ruwa a kowane zango. Har da ciwon gwiwar, Inna za ta iya.