Dawakin Wanzits

A kwarin Uinta, inda gwamnatin Amurka ta killace ƙabilar Yut, kowa ya san Wanzits. Gajere ne mai gwame, amma in ya hau doki sai ka rantse a kai aka haife shi. Dawakinsa sun haura arba'in, kuma ya san halin kowanne.

Matarsa Tavuni takan ce, "Da goɗiya ce ni, da na ga gata a gidan nan."

"Ai su ba sa mita," in ji shi.

Bai taɓa sa-in-sa da wakilan gwamnati ba. An ce a yanke kitso, ya yanke nasa. An raba garma, ya karɓa.

Wata bazara sabon wakili ya aiko tafinta, wai ƙazuwa ta shigo, a kawo dawaki a yi musu wankan magani. Mutane suka noƙe. Wanzits ne ya bi tanti-tanti yana lallashi.

Sapuk, ƙanin matarsa, ya ce, "Yaya, yaushe Bature ya fara tausayin dokin wani?"

"Kai dai matsoraci ne. Nawa zan fara shigarwa, ka gani."

Da hantsi ya kora su da kansa cikin shingen da aka tanada don wankan, na 'yan'uwa suka biyo baya. Aka ja ƙyaure. Yana waige-waigen inda ruwan maganin yake, sai ya ga mutum shida sun hau katangar katako da bindigogi.

Harbin farko wata farar goɗiyarsa mai ciki ya samu. Wanzits bai yi ihu ba. Baki buɗe ya tsaya, hannunsa riƙe da ragamar da ya cire mata yanzun nan. Dawaki na haniniya suna hawan juna, ƙura ta murtuke, mata suka toshe kunnuwa.

Da aka gama, tafinta ya matso, idonsa a ƙasa. "Baba, wakili ya ce muddin kuna da doki ba za ku yi noma ba."

"Maganin fa?" Abin da ya iya fita bakin Wanzits ke nan.

Ba wanda ya zage shi, ko Sapuk. Wannan ya fi yi masa ciwo.

Ya ƙara shekara ashirin a duniya. Bai noma ko kunya ɗaya ba, jimar fatar barewa ya koma yi tare da Tavuni. Ranar da gwamnati ke rabon garin abinci a ofishin wakili, da ƙafa yake raka ta, tafiyar yini guda, ya zauna a bakin rafi har ta karɓo ta fito.